Birkin da Aka Shafa wa Man Keke

In ana neman mutumin da bai taɓa furta "ban iya ba" tun da ya fara magana, to a gangara ƙarshen layi, daidai inda titi ya yi kwana, a leƙa shagon aski mai labulen roba. Nan za a same shi da kilifa a hannu, bakinsa na gudu fiye da kilifar. Duk matsalar da aka kawo gabansa, ko ta rediyo ce, ko ta ciwon baya, ko ta jirgin sama, amsarsa ɗaya ce: "Ƙaramin aiki ne." Da haka sunan ya bi shi, har matarsa ma in ya ƙure ta Ƙaramin-Aiki take ce masa.

Aski kam ya iya, wannan ba mai ja. Matsalar ita ce duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya bar masa sana'arsa tare da gashinsa. In ya aske likita da safe, da yamma zai fara ɗaga wa mutane fatar ido yana girgiza kai. In ya aske bakanike, to ranar duk motar da ta wuce sai ya karkata kunne ya ce, "Wannan filoginta ne."

Abu ɗaya ne ke ci masa rai. Surukinsa, mahaifin matarsa, dattijon da ke babban gidan nan na saman gangaren layin, bai taɓa zama a kujerarsa ba, ko sau ɗaya. Dattijon ya gwammace ya shiga tasi ya tsallaka gari a aske shi, ya dawo ya wuce ta ƙofar shagon, kansa na sheƙi, ya ɗaga hannu kawai. In ana hirar surukai kuwa sai ya ce, "Mijin babbar likita ne, mijin ta tsakiya yana koyarwa, mijin autar kuma… yana nan." Wannan "yana nan" ɗin ta fi mari ciwo a wurin Ƙaramin-Aiki, kuma ya rantse sai ya goge ta.

To dattijon yana da wata tsohuwar mota ja, irin ta tsere ta zamanin da, mai kujera biyu, marar rufi, mai dogon hanci, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi. Ta girmi duk 'ya'yansa, kuma wasu na cewa ya fi tausayinta. Kullum tana gareji lulluɓe da tamfol, ba mai taɓa ta sai shi. Kwanan nan ne birkinta ya fara wani irin kuka, in ya taka sai karnukan layin su amsa. Ga shi ana shirin taron masu tsofaffin motoci, inda dattijon ke son ya fito da ita a yi kallo. Da tafiya ta kama shi zuwa wurin ƙanensa, sai ya kira autarsa ya ba ta makullin gareji, ya ce bakanike zai zo ya duba birkin. Makullin tayar da motar kuwa ya jefa shi aljihu ya tafi da abinsa, yana kallon surukinsa ta wutsiyar ido.

Bakanike ya zo da akwatin kayan aikinsa, Ƙaramin-Aiki ya tare shi a ƙofar gida, ya ce masa Baba ya fasa. Mutumin ya juya. Matar ta fito ta riƙe haɓa.

"Maigida, me ka yi?"

"Na taimaki Baba ne. Ke kin san mutanen nan, su kwance abu ɗaya su lalata uku."

"To wa zai gyara?"

Ya bugi ƙirji.

"Kai?" in ji ta. "Kai da ka gyara mana fanka ta koma juyawa baya?"

"Ai tana juyawa. Ba ni makullin nan ki ga ikon Allah. Baba zai dawo ya taka birki ya ji tsit, ya ce wa ya yi wannan aikin? Ke kuma ki sunkuyar da kai ki ce mijin autar ne."

Ta ba shi makullin, don ta san in ta hana shi ta taga zai shiga.

Ya rufe shago, ya ari jak da sifana da guduma a wurin mai faci, ya kwaso nasa kayan askin a jaka don kada a rasa wani abu. Tela, maƙwabcin shagonsa, wanda ba ya bari a yi abin dariya ba ya wurin, ya bar ɗinkin mutane ya biyo shi da tef a wuya. Suka yaye tamfol, suka ɗaga motar suka tokare ta da bulo, suka kwance tayoyi. Har nan komai lafiya, gogan naka sai fito yake yi.

A bayan kowace taya sai ga wani zagayayyen ƙarfe a kife.

"Wannan kwanon fa?" in ji Tela.

"Kwano? Kai dai ka tsaya a kan wando da riga. Gangar birki ke nan."

Sunan kam daidai ne, ya tsince shi a bakin wani da ya taɓa yi wa gyaran gemu. Abin da bai tsinta ba shi ne abin da ke cikinta. A cikin kowace ganga akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, an manna musu wata fata mai kaushi. In an taka birki sai su buɗe su cafki cikin gangar, kaushin nan kuwa shi ke tsayar da mota. Da alama ranar da mai gemun zai kai ga wannan bayanin, lokacin ne aka zo aske masa gashin baki ya yi shiru.

Gangunan gaba ba su yi gardama ba, ya kwance 'yan ƙananan sukurori suka fito. Na baya kuwa suka ce atafau. Ya ja, ya girgiza, ya lallaɓa, ya zage su. Sannan ya ɗauki guduma. Ƙarar ta cika layin, maƙwabta suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, har ƙofar garejin ta cika.

"Lafiya, mai aski? Maƙera ka koma?"

"Tsatsa ce," in ji shi yana haki. "Tsatsar zamanin da, ba irin taku ta yanzu ba."

"Ko a kira wanda ya iya?"

"Ga shi kana kallo."

Ana cikin haka matar ta kawo musu ruwa. Ganin motar a buɗe, kuma tun tana yarinya ba a taɓa barinta ta zauna a ciki ba, sai ta lallaɓa ta shiga, ta miƙa wa wata maƙwabciya wayarta ta ɗauke ta hoto. Wani dogon ƙarfe da ke tsaye tsakanin kujerun ya tokare mata gwiwar hannu, ta danna kansa ta kwantar da shi don hoton ya yi kyau. Ashe birkin hannu ne, shi ya riƙe gangunan baya tun safe. A daidai lokacin Ƙaramin-Aiki ya tokare ƙafa da bulo yana jan ganga da iya ƙarfinsa. Gangar ta sako shi gaba ɗaya, ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon ruwan da ya tanada don wanki, ƙafafu a sama, ganga a ƙirji.

Gareji ya kaure da dariya. Ya miƙe ruwa na tsiyaya daga wandonsa, ya ɗaga gangar sama.

"Kun gani? Bugun ƙarshen nan ne ya yi aiki. Sai an san inda ake bugawa."

Matar ta fito daga motar sumsum.

Da ganguna huɗu suka taru a ƙasa, Tela ya zaro allin ɗinkinsa daga bayan kunne.

"Bari in yi musu alama, wannan gaba dama, wannan baya hagu, kada su rikice."

"Alama?" Ƙaramin-Aiki ya yi dariyar tausayi. "Ni da nake gane mutum ta ƙeyarsa cikin kasuwa? Ko cikin duhu ka miƙo min kan mutum zan faɗa maka ɗan gidan wane ne. Ƙarfe huɗu ne za su ɓace min?"

Ya zuba su cikin baho, ya kwarara musu sabulun wanke kai, ya cuɗe su har kumfa ta tashi, ya goge su da tawul, ya jera su a rana. Gaskiya sun yi kyau. Sai da aka zo mayarwa ido ya raina fata. Biyu faffaɗa ne, bayansu da layi-layi a tsaye don shan iska. Biyu kuma sirara ne, sumul. Ya tsuguna ya ƙura musu ido, su ma suka ƙura masa.

"To, mai gane ƙeya," in ji Tela, "wannan ɗan gidan wane ne?"

"Masu kitson nan na baya ne. Ado ai a baya ake barinsa."

Ya ɗauki mai layi-layin ya kai baya, ta shige lakwaf tana rawa. Ya ɗauki sumul ɗin ya kai gaba, ta tsaya a rabi ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya juya ta, ya hura mata iska, ya buga da tafin hannu.

"Sun kumbura ne, ruwa suka sha," in ji shi.

"Ƙarfe ne ya sha ruwa?"

"Tsohon ƙarfe ne."

Haka ya dinga yawo da ganguna daga taya zuwa taya, maƙwabta na ba shi shawara kowa da tasa, wata tsohuwa ma ta ce a gwada kifa su ta ɗaya gefen. Da ƙyar da gumin goshi masu layi-layin suka koma gaba inda suka fito, sirara suka koma baya. Ya ce dama gwada Tela yake yi, ya ga ko yana lura.

Amma kafin ya rufe su sai ya tuna bai gano abin da ke kuka ba. Ya sake zare ganga ɗaya, ya sa sukundireba ya ɓanɓari ƙarafan nan masu lanƙwasa. Wani ɗan sifirin ya yi tsalle, ya wuce ta saman kan Tela, ya fita ta ƙofa, aka ji ƙararsa a kan kwanon rufin maƙwabta.

"Wani abu ya tafi," in ji Tela.

"Kowane aski sai an share gashi a ƙasa. Ba a mayar da shi."

Sai ya shafa yatsa a kan fatar birkin. Ya tsaya cak. Fuskarsa ta washe, ya waiwayi taron kamar wanda ya tsinci abin da gari ya daɗe yana nema.

"Ku zo ku taɓa! Kaushi! Kamar gemun kwana uku. Yaya za a yi abu mai kaushi haka ya goga ƙarfe bai yi kuka ba? Shekara nawa bakanike na zuwa gidan nan bai gani ba!"

Ya ɗauko dutsen da yake wasa aska, ya bi fatun nan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa har suka yi santsi. Sannan ya zaro 'yar kwalbar man kilifa daga jaka. Tela ya ɗan ja da baya.

"Anya? Ni dai ban taɓa jin an sa wa birki mai ba."

"Kekenka na ɗinki in ya fara ƙara me kake masa?"

"Mai nake ɗiga masa."

"Ƙyauren ɗakinka fa?"

"Mai."

"Kilifata mai. Almakashi mai. Duk ƙarfen duniya in ya yi kuka mai yake nema, sai birki ne ɗan gata?"

'Yar kwalbar ta ƙare a taya ta farko. Shi da kansa Telan ya ruga shago ya ɗauko babbar kwalbar man kekensa, har yana cewa a sa da yawa, nasa mai kyau ne ba ya daskarewa. Ƙaramin-Aiki ya shayar da kowace fata har ta ƙoshi, ya shafe cikin gangunan, ya mayar da komai, ya ɗaure tayoyi. Da ya gama ya ɗauko buroshi ya kakkaɓe kowace taya, ya riƙo ƙaramin madubi ta bayanta don Tela ya ga yadda aikin ya fita. Maƙwabta suka tafa masa, wasu da gaske wasu don neman magana, shi dai duk ya karɓa.

Washegari da safe yana shago, Mahauci na zaune a kujera lulluɓe da ƙyalle. Ƙaton mutum ne marar son wasa, ya zo a yi masa ƙwal-kwabo. Ƙaramin-Aiki na aski yana ba shi labarin gangar birki, ya gama gefen dama tas, yana shirin tsallakawa hagu, sai ga matarsa ta ɗaga labule.

"Maigida, Baba ya kira. Ya sauka, yana cikin tasi."

Kilifa ta mutu a hannunsa. So yake dattijon ya iso ya tarar da motar a ƙofar gida tana ƙyalli, shi kuma yana jingine da ita, an riga an gwada birki a gaban shaidu.

"Yanzu zan dawo," ya ce wa Mahauci.

"Da rabin kai za ka bar ni?"

"Bari gefen nan ya sha iska tukuna."

Ya fizgi Tela suka haura gangaren da gudu. Tunda babu makullin tayarwa, sai ya tara majiya ƙarfin layin su turo ta waje. Ya shiga ya kama sitiyari, ya karkace hula. Tela ya zauna a gefensa a matsayin mai hannun jari, tunda mansa ne. Aka turo ta ta fito daga gareji, ta tsallake ƙofar gida, hancinta ya kalli gangare. Masu turi suka saki.

Ta fara tafiya a hankali, jar nan tana ɗaukar ido. Ya ɗora ƙafa a birki ya taka kaɗan.

"Ka ji wani kuka?"

"Tsit," in ji Tela. "Wallahi tsit!"

"Jama'a kun ji kuka?"

"Babu!" suka amsa, aka ɗau tafi.

Daɗi ya kashe gogan naka. Ya ɗaga hannu yana gaida mutane dama da hagu. Sai da suka wuce gida biyu Tela ya ce, "To tsaya haka, mu mayar da ita."

"Ai na tsaya."

"Ba ka tsaya ba."

"Na taka, ita ce ba ta ji ba tukuna."

"Taka da kyau!"

Ya taka da kyau. Ya taka da ƙafa biyu. Ya miƙe tsaye a kan birkin yana riƙe da sitiyari. Motar ta ci gaba da gangarawa sulululu, cikin natsuwa, ba ƙara ba gardama, sai ma ƙara sauri da take yi. Tela ya cafki birkin hannu ya ja da hannu biyu har ya kwanta a kujera.

"Shi ma ka ba shi man?"

"Ai ban nuna bambanci ba."

"Innalillahi! Man kekena ne zai kashe ni!"

Ya danna hon, hon ya ce bai san zance ba. Sai Tela ya zama hon, ya miƙe yana kaɗa tef a sama yana kururuwa, "A kauce! A kauce!" Mutanen layin kuwa suka ɗauka murna ce. Mata suka leƙo ta taga, masu shaguna suka fito. Mai wanki da guga ya tsaya riƙe da rigar mutane ya ɗaga murya.

"Kai, mai aski! Ko ƙara babu! Kai ka gyara?"

Gumi na zuba a fuskarsa, amma bakin nan bai san tsoro ba.

"Ƙaramin aiki ne!" ya amsa, suka wuce.

Suka shafi tulin bokitan mai sayar da robobi, bokitai suka biyo su a guje suna gangarawa, ja da kore da shuɗi, kamar masu rakiya. Mai robobin ya biyo bokitansa. Mai faci ya biyo mai robobi yana tambayar jak ɗinsa. Matar Ƙaramin-Aiki, wadda ta fara haurowa gida, ta ga motar ubanta ta nufo ta da mijinta a tsaye a ciki, ta manne da bango ta ɗora hannu a ka.

A tsakiyar gangaren ne tasi ta ɓullo tana haurowa. A kujerar baya ga dattijo nan zaune da jakarsa a cinya. Motocin biyu suka yi gefe da gefe, fuska da fuska, har kana iya ganin tabaran dattijon na zamewa daga hancinsa. Duk halin da mutum ke ciki ba ya wuce surukinsa bai gaishe shi ba. Ƙaramin-Aiki ya rusuna daga tsayen da yake, ya cire hula.

"Baba, sannu da hanya! An dawo lafiya? Ya su Baba ƙarami?"

Dattijon ya buɗe baki. Ko me ya faɗa, iska ta tafi da shi. Tasi ta yi ribas ta juya ta bi sahun bokitai.

Yanzu ga ƙarshen layi na tahowa, inda titi ya yi kwana. Dama turken wuta ne, hagu kwata ce mai zurfi, a tsakiya kuma shagon aski, ƙofa a wangale.

"Karya kwana!" in ji Tela.

"Ba za ta karyu ba!"

"To ina za mu?"

"Gida."

A cikin shagon Mahauci na zaune yana huci, yana kallon rabin kansa a madubi. Sai ya ga wani jan abu a madubin, can bayan kunnensa, yana girma. Ya matso da fuska ya duba da kyau. Abin ya yi fitilu, ya yi hanci, ya yi mai aski a tsaye a kai. Mutumin da bai taɓa gudu don kowa ba ya yi tsalle ɗaya ya haye teburin kayan aski, ƙyalle na kaɗawa a wuyansa.

Motar ta hau 'yar tudun ƙofar shagon, wannan ya rage mata ƙarfi. Ta yaye labulen roba ta yafa, ta sa hanci cikin tsohon kushin da masu jiran layi ke zama, ta tura shi har bango. Kushin ya yi wani dogon nishi, ƙura da tsohon gashi suka tashi. Sannan komai ya tsaya. Bokiti ɗaya ya shigo a makare, ya zagaya ya kwanta kusa da taya.

Tela ya sauko yana taɓa jikinsa gaɓa-gaɓa. Ƙaramin-Aiki na nan tsaye a kan birki, ya kasa ɗaga ƙafa.

"Ka iya sauka," in ji Tela. "Ta tsaya."

"Na ce maka za ta ji."

Kafin ka ce me, duk layin ya taru a ƙofar shagon. Sai taron ya dare biyu, dattijo ya shigo da sandarsa, autarsa na biye. Yau ce rana ta farko da ƙafarsa ta taka cikin shagon nan. Bai kalli kowa ba. Ya ɗage labulen daga kan motar, ya zagaya ta yana shafa jikinta, ya duba fitilu, ya duba hanci. Ko ƙwarzane babu, kushin ya shanye komai. Sai ya lura da wani abu na tsiyaya ta bayan taya yana bin roba. Ya sunkuya da ƙyar, ya dangwala da yatsa, ya shinshina.

"Wannan mai ne?"

"Man keke ne, Baba," in ji Ƙaramin-Aiki, murya ƙasa-ƙasa. "Mai kyau ne, ba ya daskarewa."

"A cikin birki."

"Kukan dai ya daina, Baba."

Wani a bakin ƙofa ya ƙyalƙyale, sauran suka biye masa, har da Mahauci daga kan tebur. Dattijon ya dubi surukinsa, ya dubi motarsa, ya dubi gangaren da ta sauko. Ya laluba bayansa yana neman wurin zama, kuma wurin zama ɗaya ne ya rage a shagon. Ya zube cikin kujerar aski.

Hannun Ƙaramin-Aiki bai yi shawara da shi ba. Kafin ya farga ya fizge ƙyalle daga wuyan Mahauci, ya kakkaɓe, ya yafa wa surukinsa ya ɗaure ta baya. Sai da ya gama ya gane abin da ya yi, ya tsaya tsuru-tsuru. Matarsa ta rufe ido.

Dattijon ya daɗe yana kallon kansa a madubi, sumar tafiya ta taru, furfura ta yi buzu-buzu a gefen kunne.

"Gobe bakanike zai zo ya zubar da duk abin da ka taɓa," ya ce. "Kai kuma ko inuwar garejina kada ka sake takawa."

"To, Baba."

"Tunda ka ɗaure ni, aske. In ga ko akwai abin da hannun nan ya iya."

Ƙaramin-Aiki ya ƙura wa kan dattijon ido. Shekarun da ya yi yana jiran kan nan ya zo hannunsa, ga shi ya zo, a gaban duk layin, da mota a tsakiyar shago. Ya ɗauki kilifa, kuma a karo na farko a tarihin shagon aka yi aski ba a ce uffan ba. Ya bi kan nan a hankali, ya daidaita gefe da gefe, ya fitar da layin goshi, ya rage gemu, ya goge da tawul mai ɗumi. Ya riƙo ƙaramin madubi ta baya.

Dattijon ya juya kai dama, ya juya hagu, ya shafa ƙeya.

"Hm," ya ce. "Ba laifi."

Kalmomin nan biyu suka ratsa Ƙaramin-Aiki tun daga kai har tafin ƙafa. Ya ji ya ƙara tsawo. Ƙirjinsa da ya lotsa ya fara tasowa, ya waiwayi matarsa, ya waiwayi Tela, ya waiwayi taron don ya tabbatar kowa ya ji. Yana kwance ƙyallen ne idonsa ya sauka a hannun dattijon.

"Baba, wannan agogon naka kamar yana ɗan jinkiri. In ka bar min shi zuwa yamma, ai ƙara…"

Dattijon ya kwance agogon a natse, ya miƙa wa 'yarsa ta bayan kujera.

"Auta, riƙe wannan. Ki tafi da shi gida yanzu, ki bi ta ɗaya layin."